Kimchi a gidanmu na Incheon: amsa ga Yayata

Yaya, na ga saƙonki bayan hoton da na turo, wanda yara suka kewaye babbar roba hannayensu jajur, inda kika tambaya ko mun koma cin ruɓaɓɓen kabeji, kuma ko abin ya halatta ga Musulmi. Tambayar ta sosa mini rai, domin na san akwai wadda kika haɗiye, wato ko auren 'yar Koriya ya raba ni da Hausanci.

Kimchi tsima shi ake yi, kamar yadda madara ke kwana ta zama nono, ko kalwa ta yi kwanaki a rufe kafin ta zama daddawa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce daddawar Inna ruɓaɓɓiya ce ba, duk da ƙarfin warinta da ke cika tsakar gida. Gishiri ne ke hana ganyen lalacewa, ya bar ƙwayoyin da ke kawo tsami su yi aikinsu. Kimchi ba ya sa maye. Ruwan kifi, wato ruwan kifin da aka tsima da gishiri, da ƙananan jatan lande da ake zubawa kuwa abincin ruwa ne, wanda mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ta halatta.

Yinsa ba shi da wuya ga mai farawa. Ana samun kabejinsu mai dogon ganye, wanda suke kira baechu, kamar kilo 2, a yayyanka, a barbaɗe shi da rabin kofi na gishiri mai tsakuwa, a bar shi awa 2 ana juyawa, har sai ganyen ya lanƙwasu bai karye ba. Sai a ɗauraye sau uku a tsane a kwando. A gefe guda a dama ɗan kunun garin shinkafa, idan ya huce a zuba garin barkononsu, gochugaru, da dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta da ruwan kifi da lawashi, a cuɗe ganyen da shi da hannu. A danna a kwalba sosai, a bar sarari a sama saboda yakan taso, ya kwana ɗaya ko biyu a ɗaki, sannan a kai firji. Barkononsu ja ne ƙwarai amma zafinsa kaɗan ne. Shekarar da na auna barkonon da kika aiko daidai da awonsu, kwalbar gaba ɗaya ba ta ciwu ba.

Abin da kika gani a hoton shi ne gimjang, aikin gayya da dangi ke haɗuwa su yi a ƙarshen Nuwamba don tanadin hunturu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2013. Al'adarsu ita ce idan an gama a dafa naman alade a ci da sabon kimchi. Tun shekarar da aka ɗaura mana aure surukata ta daina dafa shi a ranar, ba tare da na roƙe ta ba. Matata ce ke zuwa Itaewon, kusa da babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, ta sayo naman sa na yanka, tsohuwar ta dafa wa kowa. Na san a gida abin kunya ne mutum ya zauna gaban surukarsa hannu cikin roba ɗaya, kuma har yau ba na iya haɗa ido da ita, amma matar da ta bar abin da ta gada saboda addinina ba zan ƙi taya ta aiki ba.

Yaran nan da aka riƙa kira 'yan Sin lokacin da muka zo sallah, har ƙaramar ta yi kuka, suna durƙusawa su gaishe ni da Hausa kowace safiya, kuma ranar Juma'a tuwon shinkafa da miyar kuka suke ci, kimchi na gefe a ɗan faranti.

Idan kina son gwadawa, kabejinmu na kasuwa ma zai yi, sai dai ki rage barkono sosai, ki kuma jira lokacin sanyi, domin a zafin Kano wuni ɗaya ya isa ya yi tsami.