Filin Tambaya da Amsa: An Ce Jinina Ya Hau, Me Zan Gyara a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Tawa, shekaruna 46, kuma tun safe har la'asar ina zaune a shago, salla kaɗai ke tada ni. Watan da ya wuce ciwon kai ya kai ni asibiti, aka auna ni aka ce tansiyo ta kai 15 da 9, in komo a sake awo, amma ban koma ba. Wani abokina ya kawo mini garin magani ya ce yana wanke jini, wani kuma ya ce tafarnuwa da zuma sun isa. Ba na son in fara shan ƙwayar da ake cewa ba a daina ta. Me zan yi a gida in samu lafiya? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Kafin komai ina roƙonka ka koma a sake awon nan cikin wannan mako. Abin da ma'aikatan lafiyarmu ke kira 15 da 9 shi ne 150 bisa 90, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini idan aka auna shi a ranaku biyu dabam-dabam aka samu 140 bisa 90 ko fiye. Awo ɗaya bai yanke hukunci ba, amma ya isa gargaɗi, domin wannan ciwo yakan shekara da shekaru bai nuna alama ba, alhali yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Garin da abokinka ya kawo kuwa, na san da zuciya ɗaya ya kawo shi, sai dai ba wanda zai iya gaya maka abin da ke ciki ko yawan da ya kamata a sha, kuma idan an haɗa shi da kanwa ko gishiri, ƙara ciwon zai yi. Tafarnuwa tana da kyau a miya, amma ba ta maye gurbin awo.

Gyaran da ya fi tasiri yana cikin tukunyar gidanka. Ƙa'idar da hukumar ta bayar ita ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye cikin abinci. Ka tsaya wata rana ka dubi yadda ake haɗa miyar dare. Za a zuba gishiri da hannu, a murƙushe dunƙule biyu ko uku, waɗanda kusan rabin nauyinsu gishiri ne, a jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya yi saurin nuna, ita ma kanwar sinadarin da ke tada jini a gishiri yana cikinta. A kasuwa kuma ga tsire da kilishi da yajin da aka daka da gishiri da dunƙule, ga burodin safe da kifin gwangwani. Mutum yakan ninka ƙa'idar ba tare da ya taɓa ɗaukar gishiri da hannunsa ba.

Shawarata ita ce ka zauna da uwargida cikin mutunci, ba da faɗa ba, domin ita ma abin da ta tashi ta gani take yi, kuma tsoronta kada a ce girkinta salam ne. Ku rage kaɗan-kaɗan: dunƙule uku su koma biyu, bayan mako biyu su koma ɗaya, a daina ajiye yaji mai gishiri a gefen kwano. Harshe yakan saba cikin ƴan makonni, har mutum ya riƙa jin abincin waje ya yi masa gishiri. Mu mutanen Adar ba mu da hujjar kukan rashin ɗanɗano, tunda albasar Galmi da ake ɗauka a manyan motoci zuwa ƙasashen bakin teku a ƙasarmu ake noma ta. A soya ta da kyau, a ƙara tafarnuwa da citta da tumatir da daddawa, a matsa lemun tsami. Kuma a yi wa gidan duka tukunya ɗaya, domin ware wa maigida tasa miyar ba ya ɗorewa, yaran ma gara su tashi da harshen da bai saba da gishiri mai yawa ba.

Sai shayi, wanda ba ka ambata ba, amma da wuya a samu shago a Tawa da ba a ɗora buta a gabansa. Ba zan ce ka bar fada ba, domin zama da abokai da hira suna sauƙaƙa wa zuciya. Sukarin ne matsala. Iyakar da aka shawarta wa babba ita ce kimanin giram 50 a yini, kuma giram 25 ya fi, alhali ƙwayar sukari ɗaya takan kai giram 5, kwalbar lemo ta santilita 33 kuma tana ɗauke da kusan giram 35. Ka lissafa na farko da na biyu da na uku, safe da yamma, ka ƙara zoɓon da aka cika wa zaƙi. Ka tsaya a zagaye ɗaya, ka nemi a rage sukari, kuma ka guji shayi mai ƙarfi bayan magariba, saboda yana daɗewa a jiki yana hana barci, alhali babba yana bukatar awa 7 ko fiye.

Game da zama, abin da ake nema shi ne minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar minti 30 a kwana 5, da saurin da numfashi zai ɗan ƙaru amma kana iya magana. Bayan sallar asuba ne lokacinta, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ka taka zuwa kasuwa maimakon hawa kabu-kabu, kuma a shago ka riƙa miƙewa kowace awa. Tuwon hatsi da dawa, wake, dambun zogale, miyar kuka da yakuwa sun fi shinkafa da taliya kullum. Idan duk da haka likita ya rubuta maka magani, ka sha shi yadda ya ce, domin waɗannan gyare-gyare taimaka masa suke yi. Ranar da baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Jaririyata tana da wata 4. Saboda zafin bazara uwar mijina ta ce in riƙa ba ta ruwa, a wurin awo kuma an ce nono kaɗai. Wanne zan bi? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya raya ta. Maganar wurin awo ita ce daidai: nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ko da ana tsananin zafi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa shi ya fi kashe ƙishirwa. Ruwa yana cika ƙaramin cikinta ta rage tsotso, nonon ya ragu, sannan yana iya kawo mata gudawa. Ke ce za ki yawaita shan ruwa da fura da kunu, ki kuma ba ta nono duk lokacin da ta nema, dare da rana. Idan tana fitsari aƙalla sau 6 a yini tana kuma ƙara nauyi, ta ƙoshi.

Inna tausayin jikarta ne ya sa ta faɗi haka, don haka kada ki yi gardama da ita. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba ta ji bayanin daga bakin ungozoma, ki kuma sa maigida cikin maganar. Idan kika ga maɗigar yarinyar ta faɗa, ko fitsari ya ragu sosai, ko ta ƙi kama nono, ki kai ta asibiti a ranar.