Karon farko a tseren hawan tudu: in sauya keke ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina tuƙa keke don motsa jiki. Ƙungiyarmu za ta yi gasar hawan tudu, irin wadda ake sakin mutum ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar lokacinsa. Nakan hau tudun cikin minti huɗu. Nauyina kilo 70, kekena kilo 9. Abokai sun ce sai na sayi mara nauyi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, mu yi lissafi.

A kan tudu mai tsanani, kusan duk ƙarfinka na tafiya ne wajen ɗaga nauyi sama, naka da na keken a haɗe. Ku biyun kilo 79 ke nan. In ka rage kilo ɗaya, ka rage kashi 1.3 cikin ɗari, wato daƙiƙa uku a hawan minti huɗu. Abokanka ba su yi ƙarya ba, amma ribar ke nan.

A Birtaniya, inda wannan gasa ta yi kaka-gida, ana yin ta ne a Satumba da Oktoba, kuma ta ƙungiyar keke ta Catford da ke Landan ta samo asali tun shekarun 1880. Dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, da ta hana keke ya gaza kilo 6.8 ba ta aiki a gasarsu, shi ya sa za ka ga mai yanke ƙasan kan keke da zarto, da mai cire sosan sirdi. Waɗannan mutane ne da rabin daƙiƙa ke raba su da kofi. Kai dai cire gorar ruwa da mazauninta, da jakar kayan faci da famfo. Birki kuwa kada ka taɓa shi, domin tudun da ka hau sai ka sauko shi. Ka duba dokar masu shiryawa. A Birtaniya tilas ne hular kwano da fitila gaba da baya.

Inda sabon shiga ke zubar da lokaci shi ne mintin farko. Ana riƙe maka keke, ana ƙirga biyar, huɗu, uku, jama'a na ihu, ƙafa ba ta jin komai, sai ka zabura kamar tseren mita ɗari. Jiki na da wani ɗan ajiyayyen ƙarfi da yake bayarwa fiye da abin da numfashi ke iya biya, kuma in ya ƙare ba ya dawowa sai ka sassauta, a kan tudu kuwa babu wurin sassautawa. Sai ka ga mutum a tsakiyar hawa yana tangaɗi, feda ta ƙi juyawa, wanda aka saki minti ɗaya bayansa ya zo ya wuce. Sauri ya haifi nawa. Daƙiƙun da suka zube a nan sun ninka ukun da sabon keke zai ba ka.

Don haka ka je ka hau tudun sau biyu ko uku kafin ranar. Ka san inda ya fi tsanani, nan za ka fi zuba ƙarfi, domin inda gudu ya fi raguwa nan ake daɗewa. A mintin farko ya kamata ka ji kamar kana rage wani abu. Tsakiya za ta yi zafi, ka daure a zaune. Sai ka hango layin ƙarshe, saura kamar daƙiƙa talatin, sannan ka miƙe tsaye ka juye duk abin da ya rage.

In ma za ka kashe kuɗi, kashe su a kan giya. Idan a wuri mafi tsanani ƙafarka na niƙa da ƙyar kuma babu sauran giya mai sauƙi, sa a ƙara maka babban faifan giya mai haƙora da yawa a tayar baya. Ka kuma fara da giyar da ta dace tun daga layi, don sarƙa kan zame in an sauya ta ana tsaka da dannawa.

Ranar gasa ka ci abinci awa uku kafin lokacinka, ka ɗumama jiki minti ashirin, da zabura gajeru biyu ko uku a ciki. In kana da ciwon zuciya ko hawan jini, fara ganin likita. Ka kuma roƙi wani ya tsaya maka a saman tudun ya tare keken, domin da yawa ba sa iya sauke ƙafa in sun tsallake layi.