Rediyon Intanet a Amurka: Kuɗin Waƙa Zai Iya Cinye Jarin?

Tambaya: Ina da shagon kayan abinci a Bronx, cikin birnin New York. Ina son in buɗe 'yar tashar rediyo a intanet saboda 'yan'uwanmu Hausawa, waƙa dare da rana, tallar shagona da ta abokai ta riƙe ta. Wani ya ce kuɗin haƙƙin mawaƙa zai karya ni. Haka ne?

Amsa: Alhaji, mutumin nan bai yi maka ƙarya ba. A Amurka, tashar intanet tana biya ne a kan kowace waƙa da kowane kunne da ya saurare ta, ko ka ci riba ko ba ka ci ba. Hukumar Copyright Royalty Board ke yanka farashin, SoundExchange ke karɓa ta raba wa mawaƙa da kamfanoninsu. Banda wannan akwai na marubuta waƙa, wanda ASCAP da BMI da ire-irensu ke karɓa.

Ɗauko biro mu lissafa da farashin 2021, dala 0.0021 duk sauraro ɗaya. Ka ga kamar ba kuɗi ba. To a ce mutum 100 na kan tashar a kowane lokaci, kana saka waƙa 15 a awa, ba tsayawa. A shekara sauraro miliyan 13 da ɗoriya ke nan, kusan dala 27,600. Buhun shinkafa nawa za ka sayar kafin ribarsu ta kai nan? Kuma masu sauraro na ƙaruwa, bashin na hawa, alhali mai talla bai ƙara maka sisi ba.

Rigimar ta daɗe. Da hukumar ta ɗaga farashi a Maris 2007, tashoshi da dama sun yi shiru ranar 26 ga Yuni don nuna fushi. An samu sassauci daga baya, ƙanana suna biyan wani kaso na abin da suka samu, amma ya ƙare a ƙarshen 2015, kuma a Janairun 2016 Live365, kafar watsa rediyon intanet wadda dubban ƙananan tashoshi suka raɓa da ita, ta rufe. Abin haushin, gidajen AM da FM ba sa biyan kuɗin da SoundExchange ke karɓa kan abin da suke watsawa ta iska. Ni dai ban ga adalci a nan ba.

Shawarata, ajiye zancen waƙa dare da rana. Ƙarfinka yana ga hira: labarin gida, farashin aika kuɗi, sanarwar biki da suna. Babu mai cajinka a kan muryarka. Waƙar da kake so, nemi izinin mai ita kai tsaye a rubuce, ba “ai mutumina ne, ya ce in saka” ba, ka kuma bincika ko ta mawaƙin ce ko ta wanda ya biya situdiyo. In kuwa sai ka saka na kowa da kowa, Live365 ta dawo a 2017, tana haɗa lasisin cikin kuɗin wata. Kuɗin tashar kuma ka ware masa asusu daban, kada ya taɓa uwar kuɗin shago.