Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske Turawan Ayilan da giyar gida suke magani?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ƙanina ne ɗan acaɓa, tun da sanyin nan ya shigo kullum sai ya dawo da wata gora an jiƙa saiwoyi cikin giyar goskolo wai maganin sanyi da ciwon baya, in na yi magana sai ya ce ai ya gani a Facebook ko Turawan Ayilan haka kakanninsu suke yi da tasu giyar ta gida kuma ba abinda ya same su. Ni dai idonsa ya fara ba ni tsoro. Gaskiya ne ko dai yana kare kansa ne?
Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Rabin zancensa gaskiya ne, ɗaya rabin kuma shi zai iya kai shi ƙasa.

E, mutanen Ayilan suna da giyar gida, sunanta poitín, ana kiranta pochin. Asali da sha'ir ake yinta, a jiƙa shi ya yi tsiro a shanya, daga baya aka shigo da dankalin turawa irin wanda ake lodinsa daga Bokkos da Mangu, da suga. In ruwan ya yi tsami sai a ɗora a ƙaramar tukunya, tururin ya bi ta wani bututun jan ƙarfe a nannaɗe cikin duro mai ruwan sanyi, ya riƙa ɗigowa fari tas. A 1661 masarautar Ingila ta ƙaƙaba wa giya haraji, to daga nan sana'ar ta fara komawa ɓoye, a duwatsu da fadamun Connemara da Donegal, har sukan jira ranar da ake iska dan kar hayaƙi ya tona musu asiri wajen jami'an haraji. Sai 1997 aka halatta sayar da ita a cikin ƙasar, a 2008 kuma Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista. Wadda ake sayarwa yau a shago kamfani ne ke yi da lasisi, an auna an rubuta ƙarfinta a jikin kwalba, daga kashi 40 zuwa 90 cikin ɗari. Wa ya auna gorar ƙaninki?

Kuma haka ne sun yi magani da ita, amma da yawa shafawa suke yi a gaɓɓai masu ciwo, ko su ɗura wa ɗan maraƙi mara lafiya, in mura ce kuma a haɗa giya da ruwan zafi da kanumfari da lemon tsami da suga. Sauƙin da ake ji a maƙogwaro na ruwan zafin ne da lemon, giyar dai ta sa mutum barci. Shi kuwa ɗumin nan da masu sha ke yabawa yaudara ce tsagwaronta, jijiyoyin jinin fata ne ke buɗewa sai ka ji ɗumi a waje alhali zafin jikin fita yake yi, kinga mutumin da zai hau babur da asuba cikin hunturun Jos ai shi ya fi kowa cutuwa, ballantana ga fasinja a baya.

Wai ba abinda ya same su, wannan kam ba haka bane, su kansu sun san mummunar pochin tana makantarwa, kuma tsofaffin masu dafawa zubar da farkon abinda ya ɗigo suke yi, a ce rabon aljanu ne, alhali nan ne ƙazantar da ta fi saurin tashi take taruwa. Babban haɗarin shi ne sinadarin metanol, wanda galibi yake shiga in mai sayarwa ya tsarma sifirit na masana'anta dan ribar ta yi kauri. Hanta ce ke juya shi ya koma guba mai cin jijiyar gani, cokali ɗaya na iya tafiya da ido, ludayi ƙarami kuma rai. Mugun abin shi ne baya nunawa nan take, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki da gani dishi-dishi su taso. A 2015 mun gani a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas, mutane da dama suka mutu bayan shan giyar gida ta ogogoro. Dan haka tunda kin ambaci ido, kar ki tsaya musu da shi kan Turawa, ki samu babba a gida wanda yake jin nauyinsa a kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibiti mafi kusa, a tafi da gorar, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abinda yake sha. In ya tashi da amai ko ya ce yana ganin hazo, ko tsakar dare ne a fita da shi.

Ni abinda ke ba ni mamaki ma, da zarar an ce Bature ya yi shikenan ya zama hujja. To bari ki ji sauran magungunan nasu. Yaro mai tarin shiƙa sai a zagaya da shi ta ƙarƙashin cikin jaki sau uku, ko a tare mai farin doki a hanya a tambaye shi magani, duk abinda ya faɗa shi za a yi. In an yanke a liƙa yanar gizo-gizo a ciwon. Suna da rijiyoyin waliyyai da ake ɗaura tsumma a bishiyar kusa da su, wai yadda tsumman ke ruɓewa haka cutar za ta tafi. Duk wannan a rubuce yake, dan tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun ƙasar ta sa 'yan firamare sama da 50,000 suka bi tsofaffin garuruwansu suna rubuta abinda suka ji, yanzu haka rubutun yaran yana intanet a shafin Dúchas. Wallahi wannan aikin ne nake musu hassada a kai, mu nan tsohuwa ɗaya in ta rasu ta tafi da littafinta a ka.

TAMBAYA: Malam, cikin irin waɗannan magungunan na Ayilan akwai wanda likitocin zamani suka bincika kuwa?
Daga wani ɗalibi, Gwagwalada, Abuja.

AMSA: Akwai ɗana. A wani ƙauye Boho da ke Fermanagh ta Ayilan ta Arewa, mutane sun daɗe suna ɗibar ƙasar kabarin wani limamin coci mai suna James McGirr da ya rasu a 1815, a ƙulle a ƙyalle a sa ƙarƙashin matashi, bayan kwanaki a mayar da ita. A 2018 masu bincike na jami'ar Swansea suka gano wani nau'in ƙwayar Streptomyces a ƙasar yankin, dangin da ake samo magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawa daga gare su, kuma a ɗakin gwaji ta hana wasu ƙwayoyi masu taurin kai irin su MRSA yaɗuwa. Amma ka lura, a faranti aka gwada ba a jikin mutum ba, kuma ba su ce ƙulli a ƙarƙashin matashi yana warkarwa ba. Sai kuma wata ciyawar teku, karagin, da suke dafawa da madara dan tari, tana yin yauƙi kamar kuɓewa ta lulluɓe maƙogwaro a ji sanyi-sanyi. Ita dai har gobe ana sayar da busasshiyarta a shagunansu, kuma daga irinta ake ciro sinadarin da ke sa askirim da wasu yogot yin kauri.