Burauni mai siffar ƙoƙon kai: wane mazubi za a saya, kuma me ke sa fuskar ta maƙale

Da zarar Oktoba ta kama, tambayoyin da 'yan'uwa mazauna Amurka ke aiko mana sukan karkata ga abu guda. A can ranar 31 ga wata ake bikin Halowin, kuma a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba mutanen Meksiko ke bikin Ranar Matattu, wadda ake ji da ita sosai a jihohi irin su Teksas da Kalifoniya. A bukukuwan biyu ƙoƙon kai ne adon da ke cika kantuna, har kan alawa da kek da burauni, wato wani irin kek na cakulan mai kauri. Shiga bikin ko ƙin shiga shawarar kowane gida ce. Wanda bai son siffar ƙoƙon kai, duk bayanin da ke ƙasa zai yi masa aiki a mazubin kabewa ko na ganyen kaka.

Tambaya: An ce in kawo burauni guda 24 walimar wurin aikinmu a birnin Hustan na jihar Teksas. Na ga mazubi iri biyu, na silikon mai araha da na alminiyom mai nauyi da tsada. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, ki fara da tambayar kanki sau nawa za ki yi amfani da shi. In na wannan shekarar ne kawai, ɗauki silikon. In kuwa sana'a kike yi, ko duk kaka sai an nema a wurinki, alminiyom ɗin zubi irin na kamfanin Nordic Ware zai biya kuɗinsa. Ƙarfe yana kai zafi ko'ina da sauri, saboda haka fatar burauni tana ƙamewa tun da wuri, haƙora da ramin ido su fito tsaf. Silikon ba ya ɗaukar zafi haka, fuskar takan fito da laushi, kuma sai kin ƙara minti uku zuwa biyar a kan lokacin gashi. Alherinsa shi ne wajen cirewa, domin kina iya banƙare shi kamar ana cire safa.

Ga inda mutane ke asarar kuɗi. Da yawa daga cikin mazuban ƙoƙon kai na silikon da ake tallatawa a intanet ba na obin ba ne. Wasu na ƙanƙara ne, wasu na alawa, wasu ma na sabulu ko kyandir, waɗanda ba a yi su don abinci ba sam. Ki duba a kwali ko a bayanin kaya a ce na abinci ne, kuma a rubuta zafin da yake jurewa. Na gashi yakan kai digiri 220 a ma'aunin Salsiyos. In ba a rubuta komai ba, bar musu kayansu.

Sai zurfi. Ki zaɓi mai faɗin fuska da rami marar zurfi sosai, mai manyan idanu da haƙora ƙwarara guda biyar ko shida. Mai ƙananan zane-zane da yawa yana da kyau a hoto, amma ƙullun burauni mai kauri ne, ba ya shiga kowane lungu. Kuma tun da guda 24 kike so, mazubin silikon biyu masu rami shida-shida sun fi miki guda ɗaya na ƙarfe, don kada ki kwana kina jiran ya huce tsakanin zubi da zubi. Kada ki manta da tiren ƙarfe da za ki ɗora silikon a kai tun kafin ki zuba ƙullu. In kika ɗaga shi a cike ba tire, zai lanƙwashe ya zube.

Tambaya: Na gwada da haɗin da na saba yi, mai danƙo a tsakiya, wanda kowa ke yabawa. Rabin fuskokin suka maƙale a mazubi, sauran suka fito ba hanci ba haƙori. Ina na kuskure?

Amsa: 'Yar'uwa, haɗinki ba shi da laifi, wurin da kika kai shi ne bai dace da shi ba. Burauni mai danƙo yana da mai da sukari da yawa, fulawa kaɗan, don haka ba shi da ƙashin da zai riƙe siffa. A gwangwani mai kusurwa huɗu wannan ba matsala ba ce, tun da yankawa za a yi. A mazubi kuwa, fuskar tana ƙasa ne, a manne da jikin ramin, kuma dole ta fito a dunƙule. Ana bukatar haɗin da ya tsaya tsakanin danƙo da kek. Ga wanda muke ba da shawara:

Bota giram 115, wato sanda ɗaya ta Amurka da ɗan ɗori. Sukari giram 200. Garin koko na cakulan giram 50. Manyan ƙwai biyu da gwaiduwa ɗaya. Fulawa giram 95. Rabin ƙaramin cokali na gishiri, rubu'in ƙaramin cokali na bekin fauda, da ƙaramin cokali ɗaya na banila.

Ki narkar da bota, ki zuba sukari da koko tun tana da zafi, ki juya. Zafin man ne ke fito da ƙamshin koko. Ki bari ya huce har ki iya sa yatsa, sannan ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya kina juyawa da muciya. Kada ki buga da inji. Bugu yana shigar da iska, iskar nan kuma ita ce ke zama ƙananan ramuka a goshi da kumatu. Masu son ɓawon nan mai sheƙi a saman burauni su ne ke bugun ƙwai da sukari, amma a nan saman shi ne zai koma ƙeya, ba wanda zai gan shi. Ki tankaɗe fulawa da gishiri da bekin fauda a kai, ki juya har farin ya ɓace, ki tsaya. Kada ki zuba ƙwayoyin cakulan a cikin ƙullun, domin suna nutsewa su kwanta daidai kan fuska, su narke su manne.

Wannan ƙullu ya kai kusan rabin lita. Don ki san guda nawa zai ba ki, ki cika rami ɗaya da ruwa ki juye a kofin awo. Ramin da ya ci mililita 80 zai ɗauki kamar 50 na ƙullu, wato guda goma ke nan.

Shafa mai shi ne rabin aikin, kuma nan ne aka fi gaggawa. Ki haɗa man gyaɗa ko wani man girki, da daskararren man girki irin Crisco, da garin koko, cokali ɗaya-ɗaya, ki dama su zama kamar man shafawa. In walimar ta hana gyaɗa, ki yi da man kanola. Ki sa ƙaramin buroshi ki bi kowane ido, kowane haƙori, da ramin hanci. An sa koko a madadin fulawa ne don kada fuskar ta fito da farin dabbare-dabbare. Bota zalla ba ta wadatarwa, saboda ruwa da madarar da ke cikinta suna iya sa ƙullu ya kama. Ko silikon ne ki shafa, sai dai siriri.

Wajen zubi, ki fara sa cokali ɗaya ki danna shi da bayan cokali cikin lungunan fuska, sannan ki ƙara har kashi biyu cikin uku na ramin. Ki buga mazubin a kan tebur sau biyar ko shida. Ki gasa a digiri 175, wato 350 a obin ɗin Amurka. In ƙarfen mai duhu ne, ki sauko 165, don duhu yana jan zafi ya ƙona hanci kafin tsakiya ta nuna. Masu girman loma ɗaya minti 10 zuwa 12, matsakaita 16 zuwa 20, manya 22 zuwa 28. Ki soka tsinken sakace a tsakiya: ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima, ba ƙullu ba, ba kuma a bushe ƙayau ba.

Cirewa ta bambanta. Ƙarfe, ki jira minti 10 zuwa 15, ki kifa a kan raga. In kika yi sauri, burauni bai ƙame ba, zai rabe biyu. In kika bari ya yi sanyi ƙalau, sukarin gefe ya daskare ya zama gam. In hakan ta faru, ki mayar obin mai zafi minti biyu, zai saki. Silikon kuwa akasin haka ne: ki bari ya huce sarai, ki sa a firiza minti 20, sannan ki banƙare. Tudun da ya taso a baya ki sheme shi da wuƙar burodi don kan ya kwanta daidai a faranti.

Tambaya: Ina da Milo da Bournvita a gida. Ba za su maye gurbin garin koko ba?

Amsa: A'a, Malam. Akasarinsu sukari ne da madara da malt, kokon ciki kaɗan ne. Burauni zai fito fari-fari, zaƙi ya yi yawa, ya kuma ƙara mannewa. Ka sayi koko zalla marar sukari. Iri biyu za ka tarar: na asali, kamar Hershey's na yau da kullum, mai ja-ja da ɗan tsami, da wanda aka rubuta Dutch a jikinsa, wanda aka kashe tsaminsa ya yi duhu. Duka suna aiki a haɗin da ke sama, amma mai duhun ya fi fito da farin ado. Akwai kuma baƙin koko, mai launin biskit ɗin Oreo. In za ka sa shi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kokon, don mansa kaɗan ne, yana busar da burauni.

Tambaya: Ba ni da lokaci. Haɗin kwali zai yi?

Amsa: Zai yi, kuma ba abin kunya ba ne. Ki duba bayan kwalin, da yawansu suna ba da awo biyu, na danƙo da na mai kama da kek, wanda yawanci ƙarin ƙwai ɗaya ne. Na biyun za ki bi. Ki guji kwalin da ke da ƙwayoyin cakulan ko karamel a ciki.

Tambaya: Ba na son sayen abin da zan ajiye shekara guda ban taɓa ba. Akwai wata dabara?

Amsa: Akwai, kuma a nan haɗin burauni mai danƙo zai yi aiki. Ki shimfiɗa takardar gashi a gwangwani mai inci 9 da 13, ki ninka awo biyu, ki gasa, ki sa a firij aƙalla awa biyu. Sanyin ne ke ba da yanka mai tsabta. Ki zana ƙoƙon kai a kwali mai tsabta, sama da faɗi kamar ƙwan lantarki, haɓa a tsuke, tsawon kamar santimita 7. Ki ɗora ki bi da ƙaramar wuƙa, kina tsoma ta a ruwan zafi kina gogewa. Ki riƙa juya kwalin, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, don rage asara. Guntayen da suka rage ki murmushe su da ɗan narkakken cakulan, ki mulmula ƙwallaye. In kuma daga baya kika ji kina son mazubin, ki jira farkon Nuwamba, lokacin da kantuna ke karya farashin kayan bikin.

Tambaya: Yaya ake sa su yi fari kamar ƙashi? Farin cakulan da na narkar ya dunƙule ya zama kamar tuwo.

Amsa: Ɗayan biyu ne, ko ruwa ya taɓa shi ko zafi ya yi yawa. Ɗigo ɗaya na ruwa ko tururi ya isa ya sa sukarin ciki ya cure, kuma farin cakulan ba ya son ya wuce digiri 45. Ki narkar a maikirowef a rabin ƙarfi, daƙiƙa 20-20, kina juyawa, a busasshen kwano. Ga mai farawa, mun fi son ƙwayoyin narkarwa irin Candy Melts. An yi su da man tsirrai, suna daskarewa da kansu ba tare da wahalar daidaita zafi ba. Ɗanɗanonsu bai kai na cakulan na gaske ba, amma siririn rufi ne a kan burauni mai ƙarfin koko. Ki sirka giram 200 da cokalin shayi biyu na man kwakwa don ya yi ruwa, in ba haka ba kaurinsa zai cike idanun da kika sha wahalar fitarwa. Mafi sauƙi ma, ki barbaɗa garin sukari ta rariya dab da za a ci, ramukan su tsaya da duhunsu.

In salon Meksiko kike so, nasu kawunan sukari masu fara'a ne: furanni kewaye da ido, ɗige-ɗige na ruwan lemo da shuɗi da ruwan hoda, har da suna a goshi. Ki dama garin sukari giram 200 da cokali biyu na ruwan lemon tsami, ki raba ki sa kala, ki zuba a leda ki yanke bakin kusurwa ƙanƙani. Kalar ruwa tana shiga wannan haɗin lafiya, amma kada ta kusanci cakulan. Shi sai kala mai mai.

Tambaya: Makarantar yarana zan kai, kuma ina kiyaye halal. Me zan duba?

Amsa: Hajiya, ki fara kiran makarantar. Da yawa a Amurka sun hana gyaɗa da danginta saboda yaran da jikinsu ba ya karɓa, wasu ma ba sa karɓar abincin gida sai na kanti mai takardar sinadarai. Ta fuskar halal, banila ce ta farko: dokar Amurka ta ce tataccen ruwan banila sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100. Ki nemi wadda aka rubuta babu barasa, ko garin banila. Sai kayan ado. Farar alawa mai laushi da ake kira mashmalo da alawa mai taunuwa da alawar nan mai siffar ƙwayar masara sukan ƙunshi jelatin, wanda sau da yawa daga alade yake. Jar kala mai lamba E120 kuma daga wani ƙwaro ake samun ta, ga mai son kauce mata.

Tambaya: Kwana nawa kafin walima zan iya yi?

Amsa: Ki gasa kwana biyu kafin ranar, ki rufe a roba mai murfi a ɗaki, ki yi ado ana gobe. Burauni yana kai kwana uku zuwa huɗu da laushinsa. In da wuri kike so, ki naɗe kowanne a leda ba ado ki sa a firiza, zai kai wata biyu. Ranar da kika fito da su ki bar su cikin ledar har su saki, don raɓar ta kwanta a kan leda. In ta kwanta a fuskar, farin rufin ba zai kama ba. Wajen ɗauka ki jera su layi ɗaya, fuska sama, kada ki ɗora wani kan wani.