Tambaya da Amsa: Ɗana zai kai ni daji a Kanada, ga gwiwa ga jikoki

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Uwa ce daga Garwa. Ɗana da yake aiki a Kalgari ta ƙasar Kanada ya nema min biza, watan Yuli in Allah ya yarda zan je ganin jikoki. To wai zai kai mu yawon ƙafa cikin wani daji kusa da garin Revelstoke, ni kuwa gwiwa ta matsa min, yaran ma ƙanana ne, babban shekara 7, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Dan Allah in bi su ko in ce su bar ni gida?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki bi su mana! Sai dai ke zaki zaɓi hanyar, kar ki bar wa yaro, kin san ƙuruciya, shi duk inda ya ga dutse hawa yake so.

Ki cire dajin kudu na wajen Yawunde daga ranki, wancan zafi ne da gumi, wannan kuwa sanyi ne da laima. Abin mamakin shi ne yana nesa da teku ɗaruruwan kilomita amma ruwa baya yanke masa, hadari ne yake tasowa daga tekun Pasifik ya zo ya ci karo da duwatsun Kolombiya sai ya sauke kayansa, da yawa ma ƙanƙara ce, ita kuma tana narkewa a hankali tana jiƙa ƙasa har tsakiyar rani. Shi ya sa bishiyoyin suke yin wannan girman. Babbar cikinsu Turawan can suna ce mata wani abu kamar "sida", kar gabanki ya faɗi Hajiya, ba waccan cutar ƙanjamau da ake wa'azinta a asibiti ba ce, itace ne mai jan ɓawo da ƙamshi, kauri kamar kuka amma miƙe sambal har sai kin riƙe ɗankwali kafin ki hango kanta.

Daga Kalgari wajen kilomita 400 ne, kamar ki je Marwa ki dawo. A kan hanya zaku fara isa Hemlock Grove cikin gandun Glacier, nan ne naki. Katako aka shimfiɗa bai kai rabin kilomita ba, babu matakala, keken guragu ma yana bi balle keken jaririya. Gaba kaɗan, saura kamar kilomita 30 a shiga Revelstoke, akwai Giant Cedars, zagaye ne na mita 500 da bishiyoyi masu shekara sama da 500, wlh ya fi kyau amma akwai matakala, sai ki tambayi gwiwarki da safen ranar. Yara ƴan ƙasa da shekara 18 basa biyan kuɗin shiga, ku manya zaku biya.

Jikan nan mai shekara 7 ki riƙe hannunsa da kyau. Gefen katakon akwai wani tsiro mai faffaɗan ganye, daga ganyen har karan duk ƙaya, ta fi ƙarangiya naci in ta shiga fata. Kuma dajin akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, yawanci ita ke gudun mutane in ta ji hayaniya, don haka ku yi ta hirarku da ƙarfi, wannan kam bana jin zai mana wuya. Guzurin soye ko ƙosai a ci a mayar da saura cikin mota a rufe, kar a bar ko ƙashi a waje, hancinta ba wasa ba.

Katakon yana santsi in ya jiƙe, a ajiye silifas a sa takalmi sau ciki, a ɗan ɗage zani, ki ɗauki rigar sanyi ko da Yuli ne, jikin da ya saba da zafin Afrilun Garwa zai ji shi. Ki ce wa ɗan naki ya leƙa shafin Parks Canada, hukumar da ke kula da gandun dajin ƙasar, kafin ku tashi, suna rufe hanya wani lokaci in bishiya ta faɗi ko ana gyaran katako.