Tambayi Likita: Na'urar Feshin Ruwan Sanyi a Fuska da Iskar Damagaram

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa tambayoyi suka yawaita a kan 'yar na'urar nan da ake cajawa da wayar cajin salula, wadda ake zuba wa ruwa, a danna ta, ta riƙa fitar da feshi mai laushi da sanyi zuwa fuska. Na zaɓi shida daga cikin saƙonnin da suka iso, na taƙaita su, na kuma ɓoye sunayen masu su.

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a unguwar Birni. Duk shekara idan hunturu ya shigo fuskata takan bushe ta yi furu-furu, kumatuna su riƙa yi mini zafi. Na sayi na'urar nan a kasuwa, mai sayarwa ya ce ruwanta yana ratsa fata ya shiga can ciki. Ina fesawa sau da yawa a yini, amma bayan ɗan lokaci sai in ji fuskar ta fi da bushewa. Mene ne dalili?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike ji gaskiya ne, kuma yana da dalili. A bakin na'urar akwai wani ɗan faifai mai ƙananan ramuka wanda lantarki ke sa shi kakkarwa fiye da sau dubu 100 a daƙiƙa guda, wannan kakkarwar ce ke farfasa ruwan ya fita a matsayin ɗigo ƙanana ƙwarai. Ba a dafa ruwan, shi ya sa yake fitowa da sanyi. Amma duk ƙanƙantar ɗigon, da zarar ya sauka a fuska ya koma ruwa kamar kowane ruwa, kuma ba shi da wata hanya ta musamman da zai bi ya kai can cikin fata.

Saman fatar ɗan Adam yana da wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta waɗanda kitse ya liƙe tsakaninsu. A fuska kaurinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ba, amma shi ne ke hana ruwan jiki fita, yana kuma hana na waje shiga. Abin da feshin zai iya yi shi ne ya jiƙa wannan rufin na 'yan mintoci, fata ta yi laushi da ɗan sheƙi. Daga nan sai iska ta karɓi aikinta. A watannin Janairu da Fabrairu damshin iskar Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, don haka ruwan da kika fesa ba ya jimawa yake tashi. Tashin nasa ne ke ba ki sanyin da kike jin daɗinsa, yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar zufar da ke bushewa a bayanta. Matsalar ita ce jiƙa fata da barinta ta bushe, a maimaita, a sake maimaitawa, yana raunana wancan rufin, sai damshin da ke cikin fatar ma ya sami ƙofar fita.

Saboda haka ba yawan feshi kike bukata ba, abin da zai riƙe ruwan kike bukata. Ki fesa, ko ki wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi, sannan tun fatar tana da lema ki shafa mai. Man kaɗanya mai kyau wanda ba a gauraya da turare ba ya wadatar, haka ma basilin ɗan kaɗan, ko man shafawa mai gilisarin, domin gilisarin yana riƙe ruwa a fata. Sau biyu a yini ya isa, safe da dare. Ki kuma duba sabulun da kike wanke fuska da shi, domin sabulun wanki da yawancin sabulun wanka masu kumfa sosai suna kwashe kitsen fata, kuma a ganina sun fi iskar hunturu yi wa fuskokin matanmu ɓarna. Idan bayan mako biyu zuwa uku fatar tana ci gaba da ƙaiƙayi, tana tsagewa ko tana fitar da ruwa, to ki zo a duba ki, domin yana iya zama ciwon fata ne mai bukatar magani.

Likita, ni budurwa ce a Zengo. Ruwan pampo ba kullum yake zuwa mana ba, wajen 'yan ga-ruwa muke saye mu ajiye a jarka. Shi nake zubawa a na'urar. Yanzu na ga wani farin abu ya daskare a bakinta, feshin ya ragu, ruwan cikin kuma yana ɗan wari. Akwai matsala?

Akwai, 'yata, kuma wannan tambayar ta fi muhimmanci a wurina fiye da duk wata magana ta kyan fata. Ki daina amfani da ita har sai kin wanke ta.

Farin abin da kika gani gishirin ƙasa ne da ke narke cikin ruwan rijiya da na burtsatse, wanda ke saura idan ruwan ya bushe, shi ne kuma ya toshe ramukan faifan. Wannan gishirin yana lalata na'urar. Warin kuwa alama ce ta cewa ƙwayoyin cuta sun yi gida a cikin mazubin ruwan. Abin da mutane ke mantawa shi ne, wanda ya fesa ruwa a fuskarsa yana numfashi a lokacin, don haka wani ɓangare na feshin yana bin hanci da baki, ɗigon da ya fi ƙanƙanta kuma yana iya gangarawa har cikin huhu. Tunda na'urar ba ta dafa ruwa, duk abin da ke cikinsa haka yake fitowa da ransa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, kuma ta hanyar shaƙar feshin gurɓataccen ruwa take kama mutum. Tana yaɗuwa sosai a ruwan da ya kwanta mai zafin digiri 25 zuwa 45, wato daidai zafin ruwan da ya wuni cikin jakar hannu a garin nan. Ban ce duk mai na'ura zai kamu ba, amma masu asma, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu juna biyu bai kamata su yi wasa da wannan ba.

Mafi kyawun ruwa shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, kuma a farmasi ya kamata a neme shi. Kada a saye shi wajen masu gyaran batirin mota, domin ba don jikin mutum aka ajiye shi ba, kuma kuskure ɗaya tsakanin kwalbarsa da ta ruwan asid ya isa ya ƙona fuska da idanu. Idan ba ki samu ba, ki tafasa ruwa ya yi aƙalla minti guda yana tafarfasa, ki rufe shi ya huce, sannan ki zuba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai ba ta cire gishirin, don haka za ki riƙa jiƙa bakin na'urar da auduga mai ruwan khal lokaci-lokaci, ki ɗauraye sosai kafin ki sake amfani da ita. Kowane dare ki zubar da ragowar ruwan, ki ɗauraye mazubin, ki bar shi a buɗe ya bushe. Ruwan jiya ba ya kwana a ciki.

Ina karatu a jami'a, ƙuraje sun dame ni tun ina sakandare. Abokaina sun ce feshin sanyi yana rufe ƙofofin gashi, ƙuraje su mutu. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, ɗana. Ƙofofin gashi ba su da tsokar da za ta buɗe su ko ta rufe su. Ƙurajen samartaka suna fitowa ne idan sinadaran balaga suka sa fata ta yawaita fitar da maiƙo, maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar, wata ƙwayar cuta da ke zaune a wurin ta yawaita, wurin ya kumbura. Ruwan sanyi ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne magungunan shafawa irin su benzoyil feroksayid da adafalen, kuma suna ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, wanda shi ne lokacin da yawancin matasa ke gajiya su watsar. Mace mai juna biyu ba ta amfani da adafalen. Ka daina matse ƙurajen, domin a baƙar fata tabon da matsa ke bari yakan daɗe watanni bayan ƙurjin ya warke.

Barka da aiki Likita. Ina sana'ar kwalliyar amare a Sabon Gari. Nakan zuba ruwan lemun tsami da ɗan humra a na'urar don ƙamshi, wasu kuma suna kawo nasu ruwan haska fata su ce in fesa musu. Ya halatta a likitance?

Malama, ina roƙon ki ki bar wannan daga yau, domin lafiyarki da ta amaren da ke zama a gabanki. Abin da fata za ta iya ɗauka ba lallai huhu ya ɗauka ba. A 2011 hukumomin Koriya ta Kudu suka gano cewa wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da mutane ke zubawa a na'urar sanya damshi a ɗaki shi ne ke lalata huhun jama'a, ɗaruruwan mutane suka rasu, cikinsu har da mata masu ciki da ƙananan yara. Sinadari ne da ake amfani da shi wajen tsaftace kaya, ba a ɗauke shi abin tsoro ba sai da aka mai da shi feshi aka shaƙa.

Humra da sauran turarukanmu suna da mai da sinadaran ƙamshi waɗanda ke iya tayar da asma nan take, mai kuma idan ya taru a huhu yana haddasa kumburi. Ruwan lemun tsami yana da tsami fiye da abin da fatar fuska ke jurewa, sannan idan ya zauna a fata aka fita rana yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo, wanda shi ne abin da amarya ta fi gudu. Ruwan haska fata kuwa ya fi duka muni, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ba tare da bayani a jikin kwalba ba suna ɗauke da haidirokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi irin kilobetasol, wasu ma har da makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda. Na sha ganin fuskokin da sitiroyid ya sirantar, jijiyoyin jini suka fito fili a kumatu, ƙuraje suka rufe goshi, mai ita ba ta iya tsayawa a rana. Fesa irin wannan yana ƙara masa hanyar shiga ta ido da ta numfashi. Ki tuna kuma cewa amarya sau ɗaya take zama, ke kuwa kullum kina cikin shagon kina shaƙa. Ruwa tsarkakakke kaɗai za ki zuba, ki riƙe na'urar nesa da fuska kamar taƙi guda, ki ce a rufe ido.

Likita, ni magidanci ne daga Mirriya. Yarana suna yawan haɓo da hunturu, ga jariri ɗan wata huɗu. An ce in sayi babbar na'urar da ke fesa raɓa a ɗaki, wai har sanƙarau tana hanawa.

Alhaji, babbar na'urar tana iya rage bushewar hanci da maƙogwaro idan ɗakin a rufe yake, kuma damshin da ake so a ɗaki shi ne kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Sharuɗɗan tsaftar da na faɗa a sama sun fi tsanani a nan, domin yara za su kwana suna shaƙa: a sauya ruwa kullum, a wanke mazubin duk bayan kwana uku, kada a zuba komai a ciki sai ruwa, a kuma ajiye ta nesa da shimfiɗar jariri. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba gara ya bar ta, ya riƙa ɗiga wa yara ruwan gishirin hanci na farmasi. Idan haɓo ya zo, yaro ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan ɓangaren hancin minti 10 ba tare da saki ba. Ba a ɗaga kai sama.

Maganar sanƙarau kuwa, kada ka dogara da ita ko kaɗan. Yankinmu yana cikin ƙasashen da cutar ke tashi a lokacin rani, kuma allurar rigakafi ce kariyarta. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, abu ne na zuwa asibiti a wannan sa'ar.

Idan ina azumi da bazara, feshin zai rage mini ƙishirwa?

Zai sanyaya miki fuska na ɗan lokaci, 'yar'uwa, amma ba ya mayar wa jiki ruwan da zufa ta fitar, domin jiki ba ya shan ruwa ta fata. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, jiƙa wuya da hammata da tsumma mai ruwa da zama a inuwa sun fi feshin sanyaya jiki. Ki sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan jiri ya kama mai azumi, ko ya fara ruɗewa, ko fitsari ya ɗauke, wannan ya zama larurar gaggawa, a kai shi asibiti. Hukuncin feshin ga mai azumi kuma tambaya ce ta malamai, su za ki tuntuɓa.